Mai Jita ta Bakwai

Duk wanda ya taɓa sayen kifi a bakin tashar jiragen ruwa ta Wollongong ya san Marlene Zammit, ko da bai san sunanta ba. Ita ce gajeriyar matar nan mai furfura da ke bayan kanta, wadda za ta kankare kifi, ta feɗe shi, ta naɗe a takarda kafin ka gama laluben aljihu. In ka tsaya yi mata surutu sai ta ce maka akwai mutane a bayanka, ko da kuwa babu kowa. Abin da yawancin masu sayen ba su sani ba shi ne, wannan hannun na dama mai ƙarnin kifi shi ya riƙe jita ta bakwai a ƙungiyar Des Mulcahy kusan shekara talatin.

Ba gadon kiɗa ta yi ba. Ubanta daga Malta ya zo, ya ƙarar da ƙarfinsa a masana'antar ƙarfe ta Port Kembla, kuma a gidansu in ka ji kiɗa to rediyo ne. Sai da ta haura talatin, miji ya kama gabansa ya bar ta da ɗaki biyu da tsohuwar mota, sannan wata safiya wani dogon mutum mai buzu-buzun gemu ya zo sayen kifi ya ƙi tafiya. Ya tsaya yana kallon wuyan hannunta yadda yake kai da komowa a kan ɓawon kifi, ba ya ƙara sauri, ba ya lafawa. Ya tambaye ta ko ta iya jita. Ta ce ko kusa. Ya ce madalla, waɗanda suka iya sun gama ɓata masa rai. Ta ɗauka taɓaɓɓe ne, ta je zauren da ya kwatanta mata ranar Alhamis don kawai ta ga iyakar haukan. Tun daga nan ba ta ƙara samun Alhamis ta kanta ba.

Dogon mutumin nan shi ne Des, kuma kiɗansa ba irin wanda ake rausayawa da shi ba ne. Jita tara ne masu lantarki da ganga ɗaya, babu mawaƙi. Kowace jita an kwance mata tsirkiyoyinta na asali an ɗaura mata wasu shida masu kauri ɗaya, duka a kan sauti guda. Ba wurin nuna gwaninta ba ne. Sautinka za ka yi ta duka, da sauri, ba hutu, har sai Des da ke tsaye a ƙasa gaban dandamali ya ɗaga hannu a matsa gaba. Tsakanin jitarka da ta maƙwabcinka akwai ɗan siririn bambanci wanda Des ke saitawa da kunnensa, kuma ba a rubuta komai ba, hannu ke koya wa hannu. To idan taran nan suka haɗu da duk ƙarfinsu suka cika zaure, wajen ƙarshen kiɗan sai wata murya ta taso a iska wadda babu wanda ya kaɗa ta. Mu a nan Baƙuwa muke ce mata. Saboda ita mutane ke tasowa daga Sydney a jirgin ƙasa sau biyu a shekara, su cika tsohon zauren ma'aikatan tasha, su fito wasu na share ido. Masu cewa hayaniya ce kawai, ba ni da lokacin jayayya da su, su je su ji abin da ya yi musu.

Amma ga inda abin haushin yake: wanda ke kan dandamali ba ya jin Baƙuwa. Lasifikarsa na bayansa tana zuba masa nasa sautin a ƙeya, kunnuwansa a toshe da roba, idonsa a kan hannun Des. Abin da Marlene ta sani na wannan kiɗa shi ne nata sautin, da na Noreen mai jita ta takwas da ke gefenta, da dukan ganga a tafin ƙafarta. An sha ɗaukar kiɗan a na'ura a kunna musu, abin da ke fitowa bai wuce ruwan sama a kan kwano ba, Baƙuwa ba ta shiga na'ura. In kuwa ɗaya cikin taran ya ajiye jitarsa ya sauko don ya saurara, ba ta zuwa sam. Marlene ta daɗe tana cewa wannan bai dame ta ba, ita aikinta take yi, masu ji su ji.

Sai kunnen ya fara. Ƙararrawar ƙofar shago ta fara ɓace mata, sannan kukan tsuntsayen teku, sannan yayarta Carmen ta shiga ƙorafin sai ta maimaita magana har ta gaji. Carmen ce ta ja ta zuwa wurin likitan kunne, kamar yadda take jan ta zuwa komai tun suna yara. Likitar ta gama gwaje-gwajenta ta gaya mata gaskiya ba ɓoye-ɓoye: kunnen dama ya yi nisa, na hagu yana biye, kuma siraran sautuka su ke fara tafiya. Ta ce in da hali a bar kiɗan nan. Marlene ta tambaya har yaushe za ta ci gaba da jin siraran. Likitar ta ce ba za ta iya yanke mata rana ba, amma duk abin da take so ta ji kada ta yi masa jinkiri.

A mota Carmen tana ta faɗan ai da ma ta faɗa, Marlene kuwa hankalinta na kan Baƙuwa. Baƙuwa siririyar murya ce, haka duk wanda ya ji ta yake cewa. A karo na farko abin ya dame ta. Ta ba wannan kiɗa kunnuwanta biyu, kuma ga shi za su rufe ba ta taɓa jin abin da ta bayar da su dominsa ba. Kafin su kai unguwar Warrawong ta gama yanke shawara: ko ana ha-maza-ha-mata sai ta ji ta.

Da dabara ta fara. Ta sa aka haɗa mata doguwar waya, ranar atisaye ta sauko da jitarta a wuya ta tsaya tsakiyar zaure tana duka. Abin bai yi ba. Daga can gangar tana iso mata a makare, hannunta ya riƙa bin baya, Noreen ta rikice ta rikita na kusa da ita, kiɗan ya watse tun bai yi rabi ba. Des ya ce a sake, aka sake, ya sake watsewa. Mai ganga ya yar da sandunansa ya fita shan iska. Marlene ta naɗe wayarta, ta riga ta san hanyar da ta rage.

Ƙungiyar tana da ƙa'ida tun kafuwarta. Wanda zai sauka daga gurbinsa shi zai koya wa magajinsa, ya miƙa masa jitar, kuma ba ya dawowa. Ba mugunta ba ce. Kafin sabon hannu ya zauna daidai tsakanin maƙwabtansa ana cinye mafi yawan shekara, kuma babu mai hankalin da zai ba da shekararsa don a ce masa an gode bayan yini ɗaya. Da ta gaya wa Des, ya ja ta gefe ya ce ta sake tunani, a cikin taran nan babu mai tsayayyen hannu kamar ta.

"Ki ɗan ƙara mana shekara biyu, Marlene," ya ce. "Sai mu nemi wanda ya dace a tsanake."

"Kunnen za ka tambaya ko zai jira ka, Tsoho," ta ce. "Ni na riga na tambaye shi."

Magajin da ta zaɓa ya ba kowa mamaki. Sefa Tuala direban motar ƙanƙara ne da ke kawo musu kaya shago, ƙaton mutumin Samoa mai iyali, wanda ke kaɗa jita a cocinsu duk Lahadi har tsofaffin mata su riƙa lumshe ido. Wato gwani ne, kuma gwanaye su ne ciwon kan Des. Marlene ta ce ita ba yatsunsa ta duba ba, kafaɗarsa ta duba. Mutumin da zai sauke akwatunan ƙanƙara tun sanyin safiya har rana ta ɗaga bai canza taku ba, zai iya riƙe sauti ɗaya.

Sefa ya zo atisaye ya zauna a ƙasa ya saurara. Da aka gama ya taso yana girgiza kai yana dariya, ya ce shi bai san ko kiɗa ne wannan ko horo ba, amma matan nan da suka riƙa rera wani abu daga sama wajen ƙarshe, a ina aka ɓoye su? Ka ji fa. Ranar farko, daga shigowarsa, ya ji abin da ita ba ta taɓa ji ba. Marlene ta ji kishi ya soke ta, ba ta kuma ɓoye ba.

"Ka ji ta da kyau?" ta ce.

"Sarai, Anti."

"To riƙe abinka, don in ka hau can ka gama jin ta ke nan."

Ya daina dariyar. Ya ce to ita ma ta sani, in ya karɓa ya karɓa, ba aro ba ne. Ta ce ta sani. Da ta koma gida ta daɗe a zaune cikin mota a ƙofar gareji kafin ta iya fitowa.

A garejin nan aka sha fama. Hannun Sefa ba ya iya zama shiru. Zai riƙe sautin tsaf, sai ka ga ɗan yatsansa ya zame ya ƙara wani ɗan ado mai daɗi, shi kansa bai san ya yi ba. Marlene ta riƙa kai masa bulala da tawul ɗin goge kwanuka tana tambayarsa wa ya aike shi. Ya ce Allah ne ya ba shi yatsun, ta ce to ya ajiye su sai Lahadi. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ta naɗe masa yatsu uku da salatif. Tun da kunnenta ba abin dogaro ba ne, sai ta riƙa ɗora tafin hannu a jikin jitar tana jin rawar katakon, in ya yi sauri ko ya ja baya nan take za ta ɗago ta harare shi. Wuyan hannunsa ya kumbura, ya sauka, ya sake kumbura. Wata rana ya ajiye jitar ya ce shi ya gaji da dukan ƙarfe kamar maƙeri, ya shiga motarsa ya tafi. Ba ta kira shi ba. Da ya kawo ƙanƙara washegari ta miƙa masa burodi da soyayyen kifi ta ce yamma tana jiransa, ya karɓa yana gunaguni, ya kuma zo.

Ita kuwa tana da nata ma'aunin. Kowace safiya in ta ɗora butar shayi sai ta tsaya nesa da ita ta jira fitonta, ta toshe kunnen hagu ta saurara da na dama, sannan ta juya. A tsakiyar sanyin hunturu, bayan ta yi wasanta na ƙarshe a kan dandamali, na dama ya daina jin fiton gaba ɗaya. Na hagu yana ji, amma kamar daga gidan maƙwabta.

Shi ya sa da Des ya ce Sefa bai nuna ba, a bar shi sai wasan baɗi, ita ta sake hawa a na Nuwamba, aka yi baram-baram. Des mutum ne da bai yarda da rabin aiki ba, ya ce gara a fasa wasa da a tara jama'a Baƙuwa ta ƙi zuwa. Marlene ta ce baɗi nasa ne, ita ba ta da shi. Suka yi ta yi a gaban kowa, shi yana jan gemu, ita tana magana da ƙarfi fiye da yadda take zato. Noreen ce ta raba gardamar. Ta ce tun da ita ce maƙwabciyar gurbin, za ta riƙa zuwa garejin duk Asabar ta zauna kusa da Sefa har hannuwansu su saba. Noreen ɗin ma a lokacin sai ta karkata kai take jin magana, kowa ya lura, ba wanda ya faɗa.

Haka aka yi. A atisayen ƙarshe kafin wasa, Marlene ta cire jitar daga wuyanta ta rataya wa Sefa, ba jawabi, don ba a yin jawabi. Ya sunkuya ya shinshina madaurin ya ce har yanzu yana ƙarnin kifi. Ta ce in ya kuskura ya wanke sai ta feɗe shi. Aka yi dariya, ita ma ta yi, sannan ta fita waje da sauri don kada a ga fuskarta.

Ranar wasa Lahadi ce da yamma, zafi kamar a gasa mutum, don a nan Nuwamba lokacin zafi ne, an buɗe duk tagogin zauren. A bakin ƙofa akwai kwanon robobin toshe kunne da ake ba kowa. Carmen ta ɗebi nata ta miƙa wa ƙanwarta, Marlene ta kauce. Carmen ta fara tuna mata abin da likita ta ce, Marlene ta ce ta tuna sarai, likita cewa ta yi kada ta yi jinkiri. Ta ratsa jama'a ta tsaya a tsakiya, 'yan taku kaɗan bayan Des. Carmen ta bi ta tana mita, ita da ba ta taɓa fashin wasa ɗaya ba kuma ba ta taɓa cewa ya yi mata daɗi ba.

Des ya ɗaga hannu, aka buga ganga, jita tara suka shigo gaba ɗaya. Ƙarar ta daki Marlene a ƙirji har ta ja baya. Ba ta taɓa sanin haka abin yake daga gaba ba. Amma kafin ta farga kunnenta ya tafi inda ya saba. Cikin duk wannan ƙugi ta tsinto jita ta bakwai, ta maƙale mata. Tana bin Sefa duka bayan duka, tana ƙirga masa, wuyan hannunta na dama yana kai da komowa a kan cinyarta. Ga shi ya ɗan yi gaba, ga shi ya dawo. Ga Noreen ta tallafe shi. Ta san kowace kwana kafin a iso ta. Tana tsaye a ƙasa ne kawai, amma har yanzu a gurbinta take.

Kiɗan ya yi nisa, ya shiga ƙarshensa. Ta ga wani saurayi a gabanta ya ɗaga kai yana duban rufi. Wata mata ta dafe baki. Kafaɗun Des suka sauka, yadda ta sha hangensu daga kan dandamali suna sauka ba ta san dalili ba. Baƙuwa ta iso ke nan, kowa yana ji, ita kuwa jita ta bakwai take ji. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske. Ta ba da gurbinta, ta ba da jitarta, ta tsaya da kunne a buɗe cikin wannan wuta, kuma za a gama a tafa ta fita yadda ta shigo. Ta juya kunnen hagu, ta matsa gaba, ta matsa baya. Babu komai sai Sefa.

Carmen ba ta san komai game da kiɗa ba, amma ta san ƙanwarta. Ta ga hannun nan yana ta aiki a kan cinya, sai ta kama shi da hannu biyu ta danne, irin riƙon da take yi mata in za su tsallaka titi suna yara. Marlene ta fizga, Carmen ta ƙi saki. Ƙirgen ya kuɓuce mata. Ta nemi Sefa ta rasa, ta nemi Noreen ta rasa, taran suka narke suka zama abu ɗaya. A kan abin nan, can sama wajen fankokin rufi, ta kunnen hagu kaɗai, sai ga Baƙuwa. Siririya, a tsaye, kamar mata masu yawa sun riƙe numfashi guda suna rerawa ba sa ɗaukar wani. Ta hau, ta rabu biyu, ta sake haɗewa. Marlene ta tsaya baki buɗe, hawaye na bin kumatunta, ko sharewa ba ta yi ba. Daɗi ta ji, irin wanda ba ta shirya masa ba, da baƙin ciki a tare da shi, don ba ta daɗe ba Des ya dunƙule hannu komai ya tsaya.

Tafin da aka yi, ganinsa ta yi. Kunnuwanta duka biyu suna wani irin fito, na dama kuwa tun daga ranar bai ƙara komawa ko yadda yake da safen ba. Jama'a suka fara fita. A kan dandamali Sefa yana goge jitar da gefen rigarsa, Noreen tana cire robobin kunnenta tana murza wuya. Des ya juyo jiƙe da gumi, ya dubi Marlene da tambaya a fuskarsa.

"Na ji ta," ta ce, da ƙarfin da ya sa na bakin ƙofa suka waigo. Ta matso ta kama gaban rigarsa. "Kai, Tsoho. Duk shekarun nan kana tsaye a nan kana shan wannan kai kaɗai, ba ka taɓa ce mana mu sauko ba?"

Bakinsa ya motsa, ba abin da ya iso mata. Ta juya masa kunnen hagu ta ce ya sake faɗa. Ya sunkuyo har gemunsa na taɓa kumatunta.

"Da na faɗa muku yadda take, wa zai zauna min a sama?"

Ta sake shi. Ta juya ta kalli dandamalin, inda Sefa ke gaya wa Noreen wani abu, ita kuma ta karkata kai tana cewa ya maimaita.

"To fara neman wani hannun," Marlene ta ce. "Noreen ce ta gaba, kuma ba za ta jira baɗi ba. Garejina a buɗe yake."